Dunƙulen Sukari a Hanyar Taliwin

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma na ga in ban rubuta ba, Baba zai ci gaba da ba da shi yadda ya ga dama, yana tsallake wuraren da ba su yi masa daɗi ba. Zan ba da shi kamar na wata ne, don in na ce "ni", kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba.

Atishawa ce ta haɗa Nuhaila da Idir.

Mahaifinta, Si Larbi, direban babbar motar fasinja ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Maknas da garuruwan kudancin Maroko. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota. Ya ce duk garin da ya yi shekaru yana wucewa da gudu, yanzu sai ya tsaya ya ci abincinsa a zaune, shi da matarsa Lalla Zuhur da 'yarsu tilo. A irin wannan yawo ne suka sauka Taliwin, lokacin tsinkar furen za'afaran.

Lalla Zuhur ta shiga wani gida ciniki. Nuhaila ta tsaya a tsakar gidan tana kallon mata sun kewaye tebur, suna zare jajayen zaruruwa daga cikin furanni suna tarawa a faranti. Ta sunkuya don ta ji ƙamshi. Atishawa ta kufce mata. Abin da aka tara tun safe ya tashi sama, ya watse a kan shimfiɗa.

Kowa ya bi shi da ido.

"Ki ce alhamdu lillahi mana, mu samu mu amsa miki," in ji wani saurayi da ya shigo da kwandon fure a kafaɗa.

Matan suka tuntsire da dariya. Nuhaila ta rufe fuska da mayafi.

"Don Allah ku yi haƙuri."

"Haƙurin mun yi. Amma shi ba ya tsince za'afaran. Zauna."

Suka durƙusa suna tsinta zare-zare. Ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba, sai yatsunsa da fure ya rina. Sunansa Idir, autan gidan, shi ke kai za'afaran ɗinsu kasuwanni gari-gari. Kafin su tafi, yayarsa ta karɓi lambar Nuhaila, wai don ta riƙa sanar da ita in sabon kaya ya fito.

Saƙon da ya fara shigowa ba na sabon kaya ba ne.

"Salamu alaikum. Idir ne, na gidan da kika share wa tebur. Yau na tsinci zare ɗaya a cikin takalmina. Ina jin ragowar aikinki ne."

Sai da ta kwana ta wuni kafin ta iya amsawa.

"Wa alaikumus salam. Ka ajiye min shi."

"Na ajiye. Amma sai mai shi ta zo da kanta."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, saƙonni ba su yanke ba. Wata rana ya kira ta Tasanu. Ta tambayi ma'anarsa, ya ce da yarensu na Shilha "hantata" ke nan, haka suke kiran wanda suke so.

"Duk kayan cikin mutum ka rasa abin da za ka kira ni sai hanta?"

"Zuciya kowa yana rabawa, Tasanu. Kin taɓa jin wanda ya raba hantarsa?"

Ita kuma ta raɗa masa Mai Jan Yatsa.

Da kaka ta sake zagayowa, mahaifiyar Idir da kawunsa suka yi sallama a Maknas. Sun zo da dabino, da lalle, da manyan dunƙulen sukari guda biyu masu tsini, naɗe cikin shuɗiyar takarda. A dangin Si Larbi maganar aure a jikin sukarin nan take. In uban yarinya ya fasa shi ya haɗa shayi, ya bayar. In ya mayar da shi lafiyarsa ƙalau, ya hana.

Si Larbi ya karɓe su hannu biyu, ya haɗa musu shayi da sukarin gida, ya ce zai yi shawara. Da suka tafi ya ɗora dunƙulen a kan kabad.

"Ni na san hanyar nan," ya ce da matarsa, da ƙarfi yadda Nuhaila za ta ji daga kicin. "Dutse bayan dutse. In yarinyar nan ta yi zazzaɓi, kafin mu isa ta warke ta sake wani. Surukarta ma ba za ta ji yarenta ba."

"Ni da nake jin yaren tawa surukar, me na tsinta?" in ji Lalla Zuhur.

"Ga Nabil ɗan ƙanwata, layi ɗaya tsakaninmu. Yana da shagon waya, yana da ladabi."

"Yana da ladabi. Shi ya sa in ya zo gaishe ka yake cinye abincinka don kada ka ƙoshi da yawa."

Si Larbi bai yi dariya ba. Ya ce abin da aka kawo da mutunci, da mutunci zai mayar. Ba zai ba ɗan aike ba. Da kansa zai tuƙa har Taliwin, kuma tunda hanya ce, za su bi ta a hankali su ci abincin garuruwa kamar yadda suka saba.

Nuhaila ba ta taɓa musa wa mahaifinta ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Idir: "Muna nan tafe garinku." Ta so ta ƙara sauran, yatsunta suka ƙi.

Amsa ta zo nan take. "Allahu akbar. Inna ta ce a ɗaure baƙar akuyar nan a fara ba ta sha'ir. Ta ina za ku biyo? Bari in gaya miki inda za ku ci abinci."

Ta kifa wayar a kan gado ta yi kuka.

Suka kama hanya da safe, sukari a but ɗin mota tsakanin jakunkuna. Nabil ya so ya bi su, amma da ya tuna mota na juya masa ciki a hawan dutse sai ya haƙura, ya koma bugo waya kowane gari yana tambayar kawunsa ko an kusa.

A Azru suka sha miyar wake mai kauri da man zaitun a kai. Da suka doshi Zaida, garin masu gasa nama a bakin titi, Si Larbi ya nufi rumfar da direbobi ke tsayawa.

"Baba," in ji Nuhaila a hankali, "an ce akwai wani tsoho bayan masallaci, nasa ya fi."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ya yi tsaki, amma ya juya kan mota. Tsohon ya gasa musu haƙarƙarin rago da gishiri da garin ƙamshin nan da suke kira kamun kawai. Si Larbi ya ci har ya sassauta bel.

"Shekara nawa ina wuce garin nan ban san da mutumin nan ba," ya ce yana lasar yatsa. "Mutanen naki sun san abinci."

A Midalt "mutane" suka ce kada a sayi manyan tuffa na bakin hanya, a nemi ƙanana masu tabo. A kwarin Ziz "mutane" suka san matar da ke sayar da dabinon da bai kwana a rumbu ba. A Risani kuwa suka kai su wani lungu inda ake yin madfuna, gurasar nan da ake cusa wa nama da albasa da 'ya'yan almon masu kama da gyaɗa a gasa. Mai gidan ya yanka musu ita, tururi na tashi, ya dubi Nuhaila ya dubi lambar motar.

"Ku ne baƙin Idir na Taliwin? Ya bugo ya ce a rage barkono, Baba ba ya so."

Loma tana hannun Si Larbi. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya dubi lomar. Can ya kai ta baki.

"Abinci ba shi da laifi," ya ce. Har suka tashi bai bar komai a faranti ba.

Da ya shiga masallaci la'asar, Lalla Zuhur ta buɗe but, ta ɗaga dunƙule ɗaya tana jinjina shi.

"Kin ga hannuna ya fara tsufa," ta ce. "In abin nan ya suɓuce ya faɗi kan dutsen nan, wa zai ga laifina? Fasasshen sukari ba ya mayuwa. Dole ya ce ya bayar."

Nuhaila ta dubi dutsen. Zuciyarta ta ce mata ki yi shiru kawai, ba ke kika yar ba. Sannan ta miƙa hannu ta karɓe sukarin.

"A'a, Mama. In haka aka yi, duk ranar da na zo gida zai riƙa kallona kamar wadda aka ƙwace masa. Ni so nake ya ba da ni."

"In ya ƙi fa?"

"To ya ƙi."

"Taurin kan nan ba a wajena kika ɗauko ba," in ji Lalla Zuhur, tana share ido da gefen mayafi.

Daga nan Nuhaila ba ta sake yarda sukarin ya zauna a but ba, ko don hanya ko don Mama. Ta naɗe su a bargo ta ɗora a cinya.

A Tingir ta kasa ci gaba da ɓoyewa. Ta rubuta: "Mai Jan Yatsa, ka yafe min. Ba amsar da kake zato muka ɗauko ba. Baba sukarinku zai mayar. Na kasa gaya maka ne. Kada a yanka akuya."

Saƙon ya shiga. Ta ga ya karanta. Shiru.

Sun je bakin ruwan da ke bi tsakanin manyan duwatsun garin, Lalla Zuhur ta tafi neman mai gasa masara. Nuhaila ta zauna ta tsoma ƙafa a ruwa, tana duba waya tana mayarwa. Ta tabbata ya yi fushi, kuma tana ganin da gaskiyarsa. Si Larbi ya zo ya zauna kusa da ita, ya cire takalmi shi ma.

"Kina ganin mugunta nake yi."

"A'a, Baba."

"Ranar da kika fara tafiya ina Warzazat. Ranar da kika fara cewa Baba, a waya aka gaya min, ina canza taya. Ban san ki ba sai da na ajiye aiki. Yanzu da na fara sanin 'yata, sai a zo da sukari a ce in miƙa ta bayan duwatsu?"

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. Ta yi ta juya maganar da ke bakinta, har dai ta fito.

"Ni kuwa na san ka, Baba. In ka shigo da tuffa, na san daga Midalt kake. In dabino ne, Risani. In ka zo min da ruwan wardi, ka biyo ta Kal'a Maguna. Tun ban iya karanta sunayen garuruwan nan ba na san ɗanɗanonsu. Ban taɓa jin tsoron hanyar nan ba. Kullum dawo min da kai take yi."

Ya zuba wa ruwan ido.

"Ni ma za ta riƙa dawo maka da ni," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Wayar ta yi ƙara a cinyarta. Ta karanta, hawaye suka zubo. Si Larbi ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya nisanta ta da ido ya karanta a hankali.

"Na ji, Tasanu. Na ɗan fita gona ne don kada in rubuta miki abin da ba shi ne a raina ba. Akuya za a yanka. Mutumin da ya tuƙo daga Maknas don ya ce a'a da bakinsa ya cancanci a yanka masa. Ki ce wa Baba ya bi a hankali bayan Warzazat, ruwa ya ɓata wasu wurare."

"Mene ne Tasanu?"

Nuhaila ta ja mayafi ta rufe fuska. "Hanta."

"Hanta," ya maimaita. Ya mayar mata da wayar, ya sa takalminsa. "Ni zai koya wa tuƙi."

Washegari suka wuce Kal'a Maguna, Lalla Zuhur ta cika jaka da busasshen wardi. A Warzazat suka ci tajin, wato kaza da aka dafa a tukunyar ƙasa da lemon tsami da zaitun. Nabil ya bugo, Si Larbi ya dubi wayar ya ce yana tuƙi, alhali yana zaune yana suɗe ƙashi.

Bayan sun bar garin ne abin mamaki ya fara. Mutumin da ake cewa fasinja na iya riƙe kofin shayi a motarsa bai zube ba, sai ga shi ya faɗa rami. Motar ta yi tsalle. Nuhaila ta ƙanƙame bargon.

An jima kaɗan ya sake faɗawa wani.

"Si Larbi, idon ne ya fara tafiya?" in ji Lalla Zuhur.

"Hanya ce ba kyau. Ai an gaya mana."

"Wancan ramin a ɗaya hannun yake. Sai da ka tsallaka ka same shi."

Ya leƙa madubi. Nuhaila ta ƙara ninka bargon, ta cire rigar sanyinta ta cusa tsakanin dunƙulen biyu don kada su gogi juna. Ya taka birki ba dalili. Ta dafe su da ƙirji. Ya sauka gefen titi kan tsakuwa, motar na karkarwa kamar rariya. Ta ɗaga su sama da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri.

Kusa da Taznaht ya faka a gindin wata bishiya, ya kashe mota, ya juyo gaba ɗaya.

"Ke wai don Allah ba za ki saki sukarin nan ba?"

"Kar ya fashe, Baba."

"To in ya fashe ke me ya dame ki? Ba abin da kike so ke nan ba?"

"Ba rami nake so ya ba da ni ba."

Lalla Zuhur ta toshe baki, kafaɗunta na rawa don dariya. Si Larbi ya dubi 'yarsa, ga gumi a goshinta, ga hannuwanta sun yi ja don riƙo. Ya fita daga motar ya tsaya ya ba su baya, ya daɗe yana kallon duwatsu. Da ya dawo idonsa ya kaɗa.

"Zuhur, fito da kayan shayi."

Suka shimfiɗa darduma a inuwa. Ya kunna ɗan murhun gas, ya wanke ganyen shayi, ya cusa na'ana'a a buta. Sannan ya miƙa wa Nuhaila hannu. Ta kwance bargon ta ba shi dunƙule ɗaya. Ya ware shuɗiyar takardar a hankali, ya ɗauko 'yar gudumar tagulla da ba ya tafiya sai da ita.

"Bismillah."

Ya buga. Kan sukarin ya ɓalle ya faɗo a tafin hannunsa, fari tas.

Ya jefa a buta, ya ɗaga ta sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau. Kofin farko ita ya miƙa wa.

"Na ba da ke, 'yata. Ni na bayar, da hannuna. Allah ya sa hanyar nan ta zame miki gajeriya."

Ta kama hannunsa ta sumbata, hawayenta na sauka a kai.

"Shayin ya yi zaƙi da yawa," in ji Lalla Zuhur, ita ma tana kuka.

"Sha haka nan."

Nuhaila ta ɗauki hoton fasasshen dunƙulen ta tura, ba ta rubuta komai ba. Amsa ta zo kafin ta ajiye kofi.

"Tasanu, faɗuwa ya yi ko fasawa aka yi?"

"Fasawa. Da guduma, da bismillah."

"To ku yi sauri. Inna ta fara guɗa, akuya ta tsinke igiya."

Sun tarar da Idir a bakin gari, tsaye kusa da motarsa. Ya sunkuya ya sumbaci hannun Si Larbi. Si Larbi ya riƙe yatsun nan masu ja ya duba su, sannan ya dubi tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya.

"Ta baya ta hagu ta cinye. Ba za ka ɗauki 'yata a kanta ba."

"Gobe zan canza, Baba."

"Kuma tsohon nan na Zaida, in za ka kawo ta gida, ka riƙa taho min da haƙarƙari."

A ranar aka ci akuya, aka dangwali gurasa mai zafi a amlu, wato almon da aka niƙa da man bishiyar argan da zuma, aka sha shayi mai za'afaran da ragowar dunƙulen. Mahaifiyar Idir ta zaunar da Nuhaila kusa da ita tana ta yi mata magana da Shilha. Nuhaila ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane duka. Dattawa suka karanta Fatiha, aka sa rana bayan an gama tsinkar fure.

An ɗaura aure lokacin da itatuwan almon suka yi fari da fure. Nabil ma ya zo, ya sha maganin amai tun daga Maknas, kuma shi ya fi kowa cin tajin. Da aka kai amarya, Idir ya buɗe wata 'yar takarda ya nuna mata jan zare ɗaya.

"Mai shi ta zo da kanta," ya ce.

Iyaye suka sa albarka, suka roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai. Si Larbi ya yi addu'ar da ta fi ta kowa tsawo, don kada a lura muryarsa na rawa.

Washegari da sassafe, kafin iyayenta su kama hanya, Nuhaila ta fito da kaya ta jera a motar: gurasa, kwalbar amlu, ƙullin za'afaran. Sannan ta koma ta ɗauko dunƙule na biyu, wanda ba a taɓa ba, yana nan cikin shuɗiyar takardarsa.

"Wannan na gidanmu ne, Baba. Ba a fasa shi sai ranar da na zo."

"In kika daɗe, ni zan taho da shi."

"Ka bi ramuka a hankali."

Ya harare ta, gemunsa na rawa da dariya.

Ta buɗe ƙofar baya, ta zaunar da sukarin a wurin da ta saba zama, ta ja bel ta ɗaure shi. Ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Sannan ta juya ta shiga gida ta ɗora ruwan shayi.